Rawar Inji Ba Ta Murna Ba Ce

Daga Malamin Gona

A wannan mako ba maganar taki ko iri za mu yi ba, maganar inji ce. Kada wani ya ce ina ruwan malamin gona da aikin makanike. Da ruwansa kuwa, domin yanzu manomi ba ya rabuwa da inji. Dawar da ya noma inji ke surfa ta ya niƙa, shinkafarsa inji ke casa ta, gyaɗarsa inji ke markaɗa ta kafin mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli. Mai lambu kuwa, in injin ban ruwansa ya tsaya kwana huɗu cikin rani, tumatir yana fure, to, sai dai a je a yi masa jaje.

Ku dubi Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. A da ƙauyuka ne a bayan ganuwa, gonaki sun kewaye su. Yau birni ya haɗiye su, inda ake shuka gero ya zama gidaje da kantuna. Amma noma bai bar wurin ba, kama kawai ya sake. Duk wanda ya ratsa lungunan da ke tsakanin hanyar Zariya da hanyar Maiduguri da hantsi zai ji ƙugin injin niƙa, ya ga yara sun jera robobi suna jiran layi. Ga masu ɓarzar masara domin abincin kaji. Ga kuma ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa, waɗanda a nan suke kwana amma gonakinsu suna Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama cikin 1974, ya mai da rani lokacin aiki. Injinansu in sun lalace, sau da yawa nan gari ake ɗauko su a kawo gyara.

Dukan injinan nan abu ɗaya ya haɗa su, watau juyawa. Abin da ke juyawa kuwa dole ya yi jijjiga, ko da sabo ne fil daga kwali. Saboda haka ba a tambaya ko inji yana jijjiga. Abin tambaya shi ne, yaya yawanta, a wane gefe take, kuma wace iri ce. Wanda ya iya amsa waɗannan ya san ciwon injinsa tun bai kwantar da shi ba.

Nauyin goro ɗaya

Mutane da yawa suna raina rawar inji. Za ka ji mai inji ya ce ai haka yake yi tun bara, ga shi kuwa yana niƙa. To, bari mu yi lissafi. A ce injin ɓarza ne irin mai gudumomi a ciki, guda ɗaya daga cikin gudumomin ta fi wadda ke daura da ita nauyi da giram 20, watau kamar nauyin goro ɗaya. A ce tsakanin nauyin nan da tsakiyar sandar da ke juyawa santimita 15 ne, injin kuma yana juyi 3,000 a minti. Ɗan goron nan zai riƙa fisgar sandar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 30, fiye da rabin buhun siminti. Kuma ba gefe ɗaya yake fisga ba, yana zagayawa ne, sama, gabas, ƙasa, yamma, sau 50 a cikin kowace sakan, tun safe har magariba.

Abin lura a nan, ƙarfin fisgar ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun inji, yana wuce shi. In an ninka gudu sau biyu, fisga sau huɗu take ninkuwa. Goron nan a juyi 1,500 kilo 7 da rabi kaɗai zai ja. Wannan ya sa nake jin tsoro in na ga mai inji ya sake wilin da bel yake hawa, wai don injin ya ƙara sauri ya sallami layi da wuri. Ya sallami layi, amma ya kira mai gyara.

Wa ke ɗaukar wannan duka? Boris. Boris mai ƙwallaye kuwa yana da ƙa'idarsa wadda masu ƙera shi suka sani, in nauyin da ke kansa ya ninka biyu, kwanansa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Watau wanda ya kamata ya yi shekara biyu sai ya mutu cikin wata uku. Mai inji ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo wani, ya dawo yana zagin kayan zamani, ya ce duk jabu ne. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba. Amma in boris uku sun mutu a gurbi ɗaya cikin shekara, laifin ba na mai kanti ba ne.

Ba aljihun mai inji kaɗai ke jin jiki ba. Injin markaɗe da na niƙa irin namu suna da faifan ƙarfe biyu masu haƙora, waɗanda masu inji ke kira dutse. In boris ya yi sako-sako, sanda tana lilo, sai dutsen ya riƙa cin ɗan'uwansa ta gefe ɗaya. Ƙarfen da ya goge kuwa ba ya zuwa ko'ina sai cikin gari. Uwargida, in kina shakka, ki sa maganaɗisu cikin leda ki ja shi cikin garin da aka kawo miki, ki duba abin da ya manne.

Shaida ɗaya ba ta isa ba

Manyan masana'antu da tashoshin ruwa da na lantarki ba sa jiran inji ya faɗi. Suna da na'urar awon jijjiga. Ana manna wani ɗan ƙarfe, bai fi babban yatsa ba, a jikin gidan boris, yawanci da maganaɗisu, waya ta tashi daga gare shi zuwa na'urar. Bari mu kira ɗan ƙarfen nan kunne. A cikinsa akwai wani irin dutse wanda in an matsa shi sai ya fid da 'yar wutar lantarki. Wasu 'yan'uwa biyu mutanen Faransa, Pierre Curie da Jacques Curie, su suka gano wannan hali cikin 1880, kuma irinsa ne ke cikin abin kunna murhun gas wanda ake latsawa ya yi tartsatsi. Inji yana girgiza, dutsen yana matsuwa yana sakewa, na'ura tana rubutawa.

Akwai na'ura mai kunne ɗaya, akwai mai biyu, mai huɗu, mai takwas, har fiye. Mai saye zai ce, don me zan biya kuɗin huɗu, alhali ina iya ɗaukar kunne ɗaya in sa nan, in cire in sa can? Wannan tambaya ita ce gindin maganarmu ta yau.

Dalili na farko mai sauƙi ne. Injin niƙa ba ya zama cikin hali ɗaya. Yanzu an zuba masa masara ya yi nishi, an jima ciki ya zama wayam yana ihu. Wutar lantarki ta yi ƙasa ta dawo, injin dizal ya ja baya ya sake ɗauka. In ka auna gaban inji yana cike, ka auna bayansa babu kome a ciki, ka gwama lambobin nan biyu, kamar ka auna tsawon yaro bana ne ka gwada da na ƙanensa na bara. Gurbin awo kuwa ba kaɗan ba ne. Injin lantarki yana da boris biyu, injin niƙan da yake ja yana da biyu, huɗu ke nan. Kowane boris ana jinsa ta fuska uku, sama da ƙasa, gefe da gefe, sa'an nan ta tsawon sanda. Sau 12 ke nan za ka ɗora kunne, kafin ka gama halin injin ya sake sau goma.

Dalili na biyu shi ya fi girma, ku karanta shi a hankali. Ku tuna mata biyu suna daka a turmi ɗaya. In lugude suke yi, taɓaryar wannan tana sama, ta waccan tana ƙasa. In kuma kowace da turminta, suna iya ɗagawa tare su sauke tare. Wanda ya leƙa ta katanga ya ga mace ɗaya kaɗai, zai iya gaya maka ƙarfin dakanta da saurinsa, amma ba zai taɓa sanin ko lugude ake yi ba. Sai wanda ya ga su biyun cikin ƙiftawar ido ɗaya. To, haka kunne ɗaya yake. Yana gaya maka gaban inji yana rawa kaza, bayansa yana rawa kaza, amma ba ya sanin ko tare suke tashi ko kuwa lugude suke yi. Sunan ciwon kuwa a nan yake ɓoye.

Ga misali. In nauyi ya yi yawa a gefe ɗaya na gangar gudumomi, a tsakiya, boris na gaba da na baya tare za su ɗaga tare su sauka. In kuwa akwai nauyi a ƙarshen nan ta sama, akwai wani daidai da shi a wancan ƙarshe ta ƙasa, gangar tana tsaye lafiya lau take, ka juya ta da hannu ba za ta nuna maka kome ba. Amma da ta ɗauki gudu sai kai da gindi su shiga lugude. Maganin na farko ƙarin nauyi a wuri ɗaya ne, maganin na biyu sai an gyara ƙarshe biyu. Wanda ya ba na biyu maganin na farko ya ƙara masa ciwo.

Haka nan in injin lantarki da famfo an haɗa sandunansu baki da baki, amma ba su miƙe a layi ɗaya ba. Kunne a wannan gefen mahaɗa, kunne a wancan, sai ka ga suna lugude, kuma injin yana tunkuɗa ta tsawon sanda kamar rago mai shirin karo. In kuma ana zargin ƙafar inji ta kwance, sai a sa kunne ɗaya a kan ƙafar, ɗaya a kan kankaren da take zaune. In noti ya ɗauru, su biyun abu ɗaya ne, tare za su motsa. In aka ga kowa yana tafiyarsa, shari'a ta ƙare.

Ban da kunnuwa, na'urar tana da ido guda. Ana manna ɗan tef mai ƙyalli a jikin sanda, duk zagayen da ya yi ido ya gan shi ya ba da alama. Da wannan ne na'ura take sanin ainihin gudun inji, ta kuma nuna a wane gefen ganga nauyin yake, a ce daga tef ɗin nan ka yi rubu'in zagaye, nan za ka rage ko ka ƙara.

Wanda ya taɓa kai majinyaci Asibitin Malam Aminu Kano, nan bakin hanyar Zariya, aka yi masa awon zuciya, ya riga ya ga irin wannan aiki. Wayoyi 10 ake manna wa mutum, 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu, duka su ɗauki bugu ɗaya a lokaci ɗaya. Zuciya ɗaya ce, amma kowace waya daga kusurwarta take kallo. Alƙali ma ba ya yanke hukuncin dukiya da bakin mutum ɗaya in akwai halin jin na biyu.

Rarrabe murya

Kunnen na'ura hayaniya yake ji, kamar ta Kasuwar Tarauni da yamma. Amma ko a kasuwa uwa tana tsintar muryar ɗanta. Kowane ciwon inji da muryarsa, ana gane ta da yawan bugunta in an gwada da juyin sanda. Rashin daidaiton nauyi bugu ɗaya yake yi a kowane zagaye. Sandunan da ba su miƙe ba sukan ƙara da bugu biyu a zagaye. Abin da ya kwance yana kaɗawa sau biyu, sau uku, sau huɗu, ya cika takarda. Bel mai ƙulli bugunsa bai kai juyin sanda sauri ba, domin bel ya fi wili tsawon hanya. Boris da ya fara ƙuraje kuwa siririyar murya gare shi, can sama, dubbai a sakan, kuma yakan fara ta makonni ko watanni kafin kunnen mutum ya ji kome.

Lissafin da ke warware hayaniya zuwa murya-murya na wani masani ne Bafaranshe, Joseph Fourier, wanda ya buga shi cikin littafinsa na 1822. Da hannu aiki ne na kwanaki. Cikin 1965 wasu Amurkawa biyu, Cooley da Tukey, suka bayyana gajeriyar hanyar da kwamfuta za ta bi, shi ya sa yau na'urar da za ta shiga jakar hannu take yinsa nan take.

Akawu zai so ya ji lamba, to, ga ta. Injin lantarki a ƙasar nan yakan yi juyi wajen 1,450 ko kuwa wajen 2,900 a minti, gwargwadon ƙirarsa, domin wutarmu tana kai da komowa sau 50 a sakan. Mai 1,450 bugun rashin daidaitonsa sau 24 ne a sakan. In na'ura ta nuna tsini a 24, nauyi ne. In ta nuna a 48, a duba miƙewar sanda. In ta nuna a 100 daidai, ninkin 50 ke nan, a nemi mai gyaran lantarki, a bar makanike ya huta.

Yaya yawan jijjigar da ta yi yawa? Wani injiniya Ba'amurke, T. C. Rathbone, ya fid da jadawalin wannan cikin 1939. A kamfanin inshora yake aiki a birnin New York, watau mutanen da ke biya in inji ya tarwatse, 'yan kasuwa kun san dalilin da ya sa su suka fara damuwa. Cikin 1974 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fid da nata, ana awo da milimita a sakan. Ga ƙananan injina, waɗanda ba su wuce ƙarfin doki 20 ba, jadawalin 1974 ya ce har zuwa 0.71 lafiya ƙalau, zuwa 1.8 ba laifi, zuwa 4.5 a shirya gyara, abin da ya haura haka ɓarna yake yi. An sake gyara jadawalin daga baya, har da cikin 2016. Kuma ku sani an yi shi ne domin irin injin lantarki da famfo da fanka. Injin da ke tauna masara, ko mai fistin yana bugawa, ba za a yi masa hukunci da shi ba. Amma ku dubi lambobin, kowace ta ninka ta bayanta sau biyu da rabi. Wannan shi ne abin ɗauka. In injinka ya saba nuna 3, yau ya nuna 7 ko 8 a gurbi ɗaya da kaya iri ɗaya, ya sauka mataki guda, ko mene ne sunansa.

Kada a ɗauka ƙananan masu inji kaɗai ke yin kunnen ƙashi. Ran 17 ga Agusta 2009, a babbar tashar lantarki ta Sayano-Shushenskaya, a kan kogin Yenisei cikin ƙasar Rasha, ɗaya daga cikin injina 10 da ruwa ke juyawa ya tumɓuke murfinsa ya yi sama, ruwa ya cika ɗakin, mutum 75 suka rasu. Masu bincike sun iske injin ya daɗe yana jijjiga fiye da ƙa'ida, akasarin ƙusoshin murfin da aka tsinto sun riga sun tsattsage, wasu ma babu noti a kansu. Akwai na'urar awo a wurin, tana kuwa nunawa. Tsai da injin ne ba a yi ba.

Wanda ba shi da na'ura fa?

Na'ura mai kunnuwa da yawa tana da tsada, mai injin niƙa guda a lungu ba zai saye ta ba, ban kuma ce ya saya ba. Ni a ganina wannan aikin ƙungiya ne. Masu inji na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su sami ko mai kunne biyu ce da ido, su koya wa yaro ɗaya mai ilimin sana'a, ya riƙa zagayawa wata-wata kamar mai duba-gari. Wayar hannu ma tana da ɗan kunne a ciki, shi ne ke juya hoto in ka karkata ta, akwai kuma manhajar da ke nuna abin da yake ji. Tana iya kama babbar rawa irin ta rashin daidaito. Amma ba ta jin siririyar muryar boris, kuma waya biyu ba sa bin agogo ɗaya, saboda haka ba za su gaya maka ko ana lugude ba.

Sai dai Allah ya ba ka hannu biyu, kunnuwa biyu ke nan masu agogo ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kafin ka matsa kusa da inji, tuɓe babbar riga, naɗe hannun taguwa, mai mayafi ta tsaya nesa. Bel ba ya tambaya. Kada ka taɓa kome sai abin da ke tsaye, watau gidan boris da ƙafafu da firam.

Ɗora tafin hannu ɗaya a gidan boris na gaba, ɗaya a na baya. Wanne ya fi rawa? A inji mai tafiya a hankali har lugude kana iya ji. Ka lura da zafi kuma, in ba ka iya barin hannu ka ƙirga biyar, wurin ya kai awo 60 ko ya wuce, a bincika. Kada ka ce maganin zafi ƙarin giris ne, giris in ya cika gidan boris shi ma zafi yake kawowa, sulusi zuwa rabi ya isa. Sa'an nan sa ɗan yatsa daidai inda ƙafar inji ta haɗu da kankare, rabi a nan rabi a can. In ka ji kamar ana mintsininka, ƙafar tana motsi dabam. Dogon sukundireba kuwa, bakinsa a gidan boris, ƙotarsa a jikin kunnenka, zai ba ka labarin ciki. Mai lafiya shuu yake yi sumul, mai ciwo kamar ana taka tsakuwa.

In injin lantarki ne, kashe wuta kana riƙe da shi. Jijjigar da ta ɗauke nan take tun sanda ba ta rage gudu ba, ta lantarki ce. Wadda ta riƙa raguwa tare da gudu, ta ƙarfe ce. Akwai ta uku mai ban mamaki, gudu yana raguwa sai a wani wuri rawar ta tashi, firam ya kama kaɗawa, sa'an nan ta lafa. Wannan kamar lilon yara ne, ɗan turi kaɗan in ya zo daidai lokacinsa sai lilo ya yi sama. Kowane firam yana da gudun da yake amsawa, in ya zo kusa da gudun aikin inji, kome gyaran da ka yi wa boris a banza. Sai dai a ƙara wa firam ƙarfe ya yi tauri.

Cire bel ka ta da mai ja shi kaɗai, ka raba gardama, ko daga gare shi ne ko daga wanda ake ja. Tun da bel yana cire, juya gangar da hannu ka bar ta ta tsaya da kanta, ka sa alli a ƙasa. Yi haka sau biyar. In wuri ɗaya ke komawa ƙasa kullum, nan nauyi yake. Gudumomi kuwa ba a sake ɗaya a bar sauran, kuma in za a juya su a juya duka rana ɗaya. A ɗora su a sikeli, kowace a haɗa ta da mai nauyinta a sa su daura da juna. Mai walda da ke cika guduma ɗaya da ƙarfe ya mayar, ba goro ɗaya ya ƙara ba, ya kusa ƙwarya. Wajen mai da bel, ja zare a fuskar wili biyu, ya taɓa kowanne a baki biyu. Ɗaurinsa kuma, in tsakanin wili da wili mita ɗaya ne, ka danna tsakiya da yatsa ya sauka kamar milimita 16.

Masu tsohon Lista kada su tsorata da abin da na faɗa. Injin nan na kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila, mai doki 6, juyi 650 yake yi a minti, yana buga wuta sau ɗaya a kowane juyi biyu, watau kamar sau biyar a sakan. Wannan bugu halittarsa ce, haka irinsa da ake ƙerawa a Indiya. Abin da yake bukata gindi mai nauyi. Injiniyoyi sun saba cewa kankaren da ke ƙarƙashin mai fistin ya ninka nauyin injin kamar sau biyar, na mai juyawa zalla sau uku. Kuma a raba kankaren da harsashin ɗaki, a bar rata a cika da yashi. A unguwa irin Gyaɗi-Gyaɗi, inda bangonka shi ne bangon maƙwabci, wannan rata tana hana zuwa gaban mai unguwa.

Duk abin da ka ji ka rubuta. Littafin makaranta na yara ya isa, ran kaza, boris na gaba ɗumi, na baya sanyi, ƙafar hagu tana mintsini, an sa giris. Hannu yana mantuwa, kuma rawar da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan mai zama da ita kullum shi ne na ƙarshen ganewa.

Saura injin ban ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, a duba shi tun kaka kafin a dasa tumatir. Ƙananan nan masu fetur, na inci 2 da inci 3, suna kai juyi 3,600 a minti, ku tuna lissafin goro. Tsakuwa ɗaya ta maƙale a farfela, ko fiffike ɗaya ya gutsure, ta isa ta cinye abin da ke tare ruwa a jikin sanda, sai ka ga yana ɗiga. Kada a ajiye shi a kan turɓaya yana tafiya da kansa, a sa masa katako mai faɗi. In kuwa ka ji famfo yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa alhali ruwan tas yake, ga ruwan da ke fita ya ragu, ba boris ba ne, kada a kwance kome tukuna. Ruwa ne ba ya isa gare shi, yana ta kumfa a ciki, kumfar tana fashewa a jikin farfela tana cin ta. Duba rariyar bakin tiyo ko ciyawa ta toshe ta, duba ko tiyon ya lanƙwashe. In duk lafiya, to, ruwa ne ya ja baya, kamar yadda yakan yi daga watan Maris. Irin wannan famfo ba ya jan ruwa da kyau in zurfi ya wuce mita 6 zuwa 7. Sai a haƙa masa gurbi a gangara, a saukar da shi kusa da ruwa, a sake ta da shi a saurara.